Amsoshin Takardunku: Ranar Kasuwa Ce Ke Karya Mini Dokar Likita

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi da ke zirga-zirga tsakanin Mai'adua da Dawanau, ya aiko mana da takarda. Ya ce likita ya auna shi, ya tarar jininsa ya hau, ciwon suga ma yana bakin ƙofa, ya umarce shi ya rage ƙiba. Sau uku ke nan yana farawa. Sai ya yi mako guda yana kiyayewa, ranar kasuwa ta zo, ƙamshin tsire ya bugi hancinsa, komai ya rushe. Yana tambaya, shin shi ne raggo?

To Alhaji, sam ba ragonci ba ne. Jikin ɗan Adam ba ya son rabuwa da kitsen da ya tara, kamar yadda manomi ba ya son ganin rumbunsa yana yin ƙasa. A 1994 masana suka gano wani sinadari da ake kira leptin, wanda kitse ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai tanadi. Da zarar kitse ya fara zubewa sai sinadarin ya ragu, ita kuma ƙwaƙwalwa ta taso maka da yunwa da kwaɗayi. Saboda haka mai cewa "zan daure" kawai, kokawa yake da cikinsa kullum, wata rana kuwa sai an kai shi ƙasa. Dabara ita ce ka tare yunwar tun ba ta taso ba.

Kada ka fita kasuwa da cikinka wayam. Ka karya da abin da ke zama a ciki, kamar dafaffen wake, ko ƙwai, ko kwaɗon zogale. Wanda ya ƙoshi yakan wuce mai tsire su gaisa kawai. In ma ka tsaya, ka zaɓi tsoka ka bar kitse, tsinke biyu ya isa, ka kuma yi hankali da yaji, don gishirin cikinsa na tayar da hawan jini.

Amma fa mu a ganinmu, babban ɓarawonka ba mai tsire ba ne, abin sha ne. Kwalbar lemo guda ta Coca-Cola tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 9. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya wuce kimanin cokali 12 a yini, in ya tsaya a 6 ya fi. To lissafa: shayin safe da sukarinsa, furar azahar da aka zaƙaƙa, zoɓo, sannan duk baƙon da ya zo rumfa a aika yaro ya kawo kwalba biyu. Abin haushin, duk wannan bai hana ka cin tuwonka daf da dare. Ka saya wa baƙo lemonsa, kai ka sha ruwa.

Kada kuma ka ce sai ka koma jikin samartaka. Idan nauyinka kilo 90 ne, zubar da kilo 5 zuwa 9 ya isa jini da suga su fara sauka, rabin kilo a mako ba laifi. A Amurka an bi mutum fiye da 3,000 da suga ke shirin kamawa, aka fitar da sakamakon a 2002. Waɗanda aka ɗora kan rage nauyi da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Wato tafiyar rabin awa da ɗan sauri, kwana biyar a mako. Ajiye babur, ka taka zuwa masallaci ko gona. Manoma ma su lura, malmalar da ake ci da damina ana huɗa, ita ce ke zama tumbi da rani ana zaune a majalisa.

Sauran bakin mutane. A wurinmu tumbi alamar samu ne, kana fara saɓulewa za a ce, "Alhaji, lafiya ka rame haka? Ko kasuwa ce?" Ka ce musu umarnin likita ne, magana ta ƙare. Uwargida kuwa kada ka riƙa mayar mata da kwano ba bayani, za ta ɗauka girkinta ka raina. Ka zauna da ita, ta rage tuwo da mai, ta yawaita ganye a miya, ta canza maka ƙaramin kwano. Ranar da biki ko suna ya ci ƙarfinka, kada ka ce an riga an ɓata, sai sabon wata. Ka gyara daga abinci na gaba.

In likita ya ɗora ka kan maganin suga, kada ka tsallake abinci ko ka ɗauki azumin nafila ba ka shawarce shi ba, don suga na iya faɗuwa ƙasa ka yanke jiki. Garin maganin rage tumbi da ake talla a tashar mota kuma, ka bar musu kayansu.