Bambancin ma'ana tsakanin literacy da literature

Mai fassara da ya yi karatunsa da Faransanci yakan yi tuntuɓe da kalmar Ingilishi literacy, domin idonsa yana kai shi ga littérature. Kamannin yana da tushe: literacy da literature duka sun fito daga littera ta Latin, wato harafi. Amma ma'anarsu ta rabu.

Literature ita ce adabi. Literacy kuwa iya karatu da rubutu ce kawai, abin da aikin alphabétisation yake neman samarwa. Ba ta shiga Ingilishi ba sai ƙarshen ƙarni na 19. Kafin nan wanda aka kira literate mutum ne mai zurfin sanin littattafai, kamar lettré na Faransanci. A 1958 UNESCO ta tsai da ma'auni: mai literacy shi ne wanda zai iya karanta da rubuta gajeren bayani mai sauƙi game da rayuwarsa ta yau da kullum, yana fahimtarsa. Babu zancen waƙa ko hikaya a ciki.

Abin da ke ƙara rikita al'amarin shi ne Ingilishi yana kiran kowace irin bugaggiyar takarda literature. Hukumar NORLA ta Zariya, wadda ta yi aiki a shekarun 1950, tana ɗauke da kalmar a sunanta, alhali babban aikinta samar da abin karantawa ne ga manyan da suka fito daga ajin yaƙi da jahilci. Wanda ya fassara sunan da “hukumar adabi” zalla ya ɓoye rabin aikin. Ga mai tsara kasafi kuskuren yana da tsada: kuɗin koyar da baƙaƙe daban, kuɗin buga littattafan da za su hana sabon makaranci mantuwa daban.

Hausa ma tana da nata ƙulli. “Yaƙi da jahilci” ya fi literacy faɗi, ya kuma fi ta zafi. Makaɗin fada a Damagaram yana iya riƙe kirarin sarakuna da jerin sunayensu a ka, bai taɓa kama alƙalami ba. Adabi yana wurinsa, literacy babu, kuma kiransa jahili rashin adalci ne. Malamin da ke rubuta wasiƙa da ajami kuwa ya cika ma'aunin 1958, tunda ma'aunin bai ambaci boko ba. Saboda haka a takardun ƙidaya ya fi dacewa a rubuta “iya karatu da rubutu”, a kuma tambayi mutum da waɗanne baƙaƙe.