Koyon Kare Kai: Shawarar Wa Za Ka Ɗauka?

Duk wanda ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko Konni zuwa Illela, ko yake sauka kasuwar Maigatari ran Alhamis da kuɗin dabbobi a aljihu, ya san abin da ke sa mutum neman hanyar kare kansa. Akwai masu tare hanya, akwai masu fizgen waya a tasha, akwai kuma masu bin 'yan mata masu talla idan magariba ta kawo jiki. Inda tsoro ya yawaita kuwa, masu sayar da maganinsa ba sa ƙaranci. Wannan ya turo maka bidiyo a WhatsApp na yadda ake ƙwace wuƙa a hannun ɓarawo, wancan ya ce akwai mai ba da maganin ƙarfe a ƙauyensu, wani kuma ya buɗe wurin horo a bayan tasha yana karɓar kuɗin wata. Ma'aikatan lafiya suna da ta cewa a nan, domin idan shawara ba ta ci ba, gadon asibiti ake kawo wanda ya bi ta.

Mu fara da bidiyon. Ka sake kallonsa, amma wannan karon ka ƙyale malamin, ka zuba wa mai riƙe da wuƙar ido. Za ka ga ya miƙo hannu sau ɗaya, ya tsaya cak kamar gunki, yana jiran a murɗe shi. Mai niyyar sukar ka ba haka yake yi ba. Yakan cakumi rigarka da hannu ɗaya, ya yi ta kai suka da ɗayan, sau da yawa ma ba za ka ga wuƙar ba sai dai ka ga jini. A 1983 wani mai horar da 'yan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya auna ya ga mai wuƙa na iya cin tazarar mita 6 da 'yan kai cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Kafin ka sauke buhu daga kanka ya iso. Don haka tambayar farko da za ka yi wa kowace dabara ita ce: an taɓa gwada ta a kan wanda ya ƙi tsayawa a kayar da shi?

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun da aka fara gasar kokawar gargajiya ta Nijar a Tawa cikin 1975, ba a taɓa miƙa wa wani takobi don ya iya bayani ba; sai ya kai ƙato ƙasa a gaban jama'a. Haka dambe yake, haka kuma taikwando, wadda Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar lambar azurfa da ita a Riyo a 2016. Wanda ya sha irin wannan horo yana da numfashi, yana da ƙafa, kuma ba ya rikicewa idan an damƙe shi. Sai dai fili yana da alƙali da ƙa'ida da abokin karo guda ɗaya. A kan hanya babu mai raba ku, wanda ka kayar kuma yana iya samun na biyu a bayanka da adda. Malamin kirki shi zai fara gaya maka haka da bakinsa.

Batun maganin ƙarfe da na bindiga yana son magana a fili. Ba mu zo raba kowa da addu'arsa ba. Amma jaridun Nijeriya sun sha kawo labarin waɗanda suka mutu wurin gwajin irin wannan magani, wani lokaci mai maganin ne da kansa. Mai wasan tauri a dandali shi ke riƙe da wuƙarsa, shi ya zaɓi inda zai goga ta da yadda zai goga. Ɗan fashi ba zai ba ka wannan zaɓi ba. Haɗarin ma bai tsaya ga gwaji ba. Wanda ya yarda ƙarfe ba ya cin sa zai tsaya a inda ya kamata ya gudu. Haka mai haɗiyar tramol don ya sami zuciya: ƙwayar tana dushe zafi da tsoro, ta dushe hankali tare da su, kuma idan ta yi yawa tana jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya.

To, wane horo aka auna aka ga amfaninsa? A Kanada an raba ɗalibai mata kusan 900 na jami'o'i uku gida biyu, aka ba kashi ɗaya horon awa 12, ɗayan aka ba su takardun faɗakarwa kawai. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna cewa cikin shekara guda, kusan 10 cikin 100 na masu takarda an yi musu fyaɗe, masu horo kuwa kimanin 5 cikin 100. A unguwannin talakawa na Nairobi ta Kenya, inda aka koyar da 'yan matan makaranta zama shida na awa bibbiyu, an ga irin wannan raguwa, kuma wajen rabin waɗanda suka ce sun kuɓutar da kansu da abin da suka koya, da baki kaɗai suka yi. Abin lura shi ne naushi da shuri ɓangare ne kawai na darasin. Sauran duk a kan gane take-taken mai mugun nufi ne tun da wuri, da ƙin shiga inda ba kowa, da ɗaga murya ba kunya, da sanin cewa mai cutarwar galibi sananne ne, ba baƙo ba. Iyaye, idan 'yarku tana talla, wannan shi ne darasin da ya fi kusa da ita: mai saye da ya ce ta biyo shi ciki ta karɓi kuɗi, ta ajiye cinikin ta yi gaba, kuma ta san ba za a doke ta a gida don kuɗin ba su cika ba.

A kula, wancan bincike kan masu neman keta mutunci ne. Wanda ya nuna maka bindiga ko wuƙa don kuɗi ko waya ko babur, ba shi. In da rai da rabo. Dabarar ɗan kasuwa tana can baya, tun kafin a hau mota: aika yawancin kuɗi ta kamfanin aika kuɗi ko banki, raba sauran wuri biyu, tashi da rana tare da abokan tafiya, da tambayar direbobin tasha halin da hanya ta kwana. Ɗaukar makami kuma kan jawo tuhuma a shingen jandarma ko na soja, kuma makamin da aka ƙwace a hannunka kai zai fara ci.

Idan za ka sa ɗanka ko 'yarka wurin horo, je ka zauna ka kalli darasi ɗaya tukuna. Tambayi malamin a hannun wa ya koya, kuma su wa za su shaide shi. Wanda ya yi alkawarin mai da yaro gagara-badau cikin mako guda, kama hannun ɗanka ku tafi. Duba ko ana dukan kai ba kariya, ko ana shaƙe yara har su suma don nuna bajinta. Matse jijiyoyin wuya na ɗauke hankali cikin 'yan daƙiƙoƙi, kuma yana iya kisa. Yaron da ya bugu a ka ya yi amai ko jiri ko barcin da bai saba ba, asibiti ya nufa, ba fili ba. Wurin da ake keɓe yarinya da malami a rufe ƙofa, ko ake hana iyaye shiga, bai cancanci ko dala ɗaya ba.

Tambaya ta ƙarshe ga malamin: idan an soki mutum, me za a yi? Wanda bai san amsa ba rabin aiki ya iya. Jinin babban mutum kimanin lita 5 ne, babbar jijiya kuwa in ta yanke tana iya zubar da rai cikin 'yan mintoci. Ka danne raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, kada ka ɗaga don dubawa. In ya jiƙe ka ɗora wani a kai. Wuƙar da ta maƙale a jiki a bar ta, a danne gefenta, likita ne zai cire. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko kashin shanu, ko baƙin mai, domin ƙasa da kashin dabbobi su ne gidan ƙwayar tetanus mai sarƙe haƙora. Ko raunin ƙarami ne, a je a tambayi allurarta. Ƙungiyar agaji ta Red Cross tana koyar da taimakon farko a ƙasashen biyu. Ƙungiyar 'yan kasuwarku na iya neman a koya wa wasu daga cikinku.

Wadda aka yi wa fyaɗe kuwa, ko ta yi kokawa ko tsoro ya sandarar da ita, laifin ba nata ba ne. A kai ta asibiti mafi kusa, ko a wane gefen iyaka yake. Maganin hana kamuwa da ƙanjamau, wato sida, sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki kuma cikin kwana 5, kuma duk biyun sun fi aiki idan an je a ranar farko.