Gizo-gizo Mai Dafi da Yadda Ake Kauce Masa

Duk mai sauraron tatsuniya ya san Gizo, mijin Ƙoƙi, sarkin wayo. Gizo-gizo na zahiri kuwa ƙaramar halitta ce mai ƙafa takwas. Masana sun ƙidaya fiye da iri 50,000 a duniya. Kusan dukkansu suna da dafi, amma da shi suke kama ƙuda da sauro. Kaɗan ne ƙwarai suke iya cutar da mutum.

A garuruwan manoma irin su Salka, cikin ƙaramar hukumar Magama ta Jihar Neja, mutane suna yawan sa hannu cikin rumbu da tarin itace da damin dawa. A irin waɗannan wurare masu duhu ne wani gizo-gizo mai hatsari yake ɓuya. Ana gane shi da alamomi uku. Na farko, launinsa ruwan ƙasa ne, cikinsa kuma a dunƙule yake kamar ƙwayar gujiya. Na biyu, a ƙarƙashin cikinsa akwai tabo ruwan lemo mai siffar kalangu. Na uku, jakar ƙwansa tana da tsinkaye kamar ƙarangiya. Saƙarsa ma a hargitse take, ba ta da tsari.

Wannan gizo-gizo ba ya neman mutum da faɗa. Ba ya cizo sai an matse shi. Cizonsa yana kawo zafi da gumi, wani lokaci har da murɗewar tsoka. Ya fi tsanani ga yara ƙanana da tsofaffi.

Rigakafi ya fi magani. A kakkaɓe takalma da tufafi kafin a sa. A riƙa share saƙar gizo-gizo daga ƙarƙashin kujeru da gadaje. Kada a cusa hannu inda ido bai gani ba.

Idan ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi. Kada a tsaga wurin, kada a tsotse shi, kada kuma a ɗaure. Idan ciwon ya bazu ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti mafi kusa ko Babban Asibitin Kontagora.

Tambayoyi
1. Ƙafa nawa gizo-gizo yake da su?
2. Kawo alamomi uku na gizo-gizo mai hatsari.
3. Me aka hana yi wa wurin cizo?