Baƙo a Gidan Taurari: Fim ɗin Sidney Young da Darasinsa ga Mai Nazarin Tarihi

Gabatarwa

A shekarun da na yi ina aikin gwamnati, da kuma bayan na yi ritaya na koma bin diddigin tarihi, babu abin da na fi dogara da shi kamar tsofaffin jaridu da mujallu. Wannan ne ya sa wani fim na barkwanci da na kalla ya tsaya mini a rai. Sunansa How to Lose Friends and Alienate People, wato yadda mutum zai rasa abokai ya kuma kore jama'a daga jikinsa. Ya fito a shekarar 2008, kuma Robert Weide ne ya ba da umarninsa.

Asalin labarin

An ɗauko fim ɗin ne daga littafin da wani ɗan jaridar Ingila, Toby Young, ya wallafa a 2001. A cikinsa ya ba da labarin yadda ya bar Landan a 1995 ya tafi birnin Niyok na Amurka aiki da mujallar Vanity Fair, ƙarƙashin editanta Graydon Carter, da yadda ya kasa yin katabus a can. Sunan littafin shaguɓe ne ga sanannen littafin Dale Carnegie na 1936, wanda ke koyar da dabarun samun abokai.

A fim ɗin an sauya sunaye. Ɗan jaridar ya zama Sidney Young, wanda Simon Pegg ya fito a matsayinsa, mujallar ta zama Sharps, shi kuwa Jeff Bridges ya fito a matsayin edita Clayton Harding.

Baƙon da bai san gari ba

Salon labarin ba baƙo ba ne gare mu, domin mun saba da wasan baƙauye ya shigo birni, irin wanda marigayi Rabilu Musa Ibro ya sha yi. Dariyar tana fitowa ne daga rashin sanin dokokin wuri. Sidney yana da wata 'yar mujalla a Landan wadda aikinta zolayar mashahurai. Har alade ya ja zuwa wani bikin 'yan fim, yana cewa tauraron wani fim ne, don dai a bar shi ya shiga. Da aka ɗauke shi aiki a Niyok, sai ya riƙa kwafsawa: tufafinsa ba su dace ba, tambayoyinsa suna ɓata wa manya rai, har karen wata tauraruwa ya mutu a hannunsa.

Amma amfanin baƙo a irin wannan labari shi ne yana ganin abin da 'yan gida suka daina gani.

Cinikin da ke bayan yabo

Abin da Sidney ya gano shi ne, mujallar tana buƙatar hotunan taurari a bangonta don ta samu kasuwa. Su kuwa taurarin suna hannun dillalai masu tallata su, kamar Eleanor Johnson, wadda Gillian Anderson ta fito a matsayinta. Sharaɗinta shi ne, duk wanda ke son ganawa da mutanenta, sai ta karanta rubutunsa ta amince kafin a buga. Ke nan alƙalami na ɗan jarida ne, amma hukunci nata ne.

Da farko Sidney ya ƙi. Da zama ya yi tsami, sai ya miƙa wuya ya rubuta yabon wani matashin darakta da ya raina. Nan take ƙofofi suka buɗe masa. Shi kansa editan, a ƙuruciyarsa, mujallar zambo ya yi kafin daɗin duniya ya ladabtar da shi. Masu iya magana sun ce, kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

A ƙarshe Sidney ya watsar da ɗaukakar ya nemi abokiyar aikinsa Alison, wato Kirsten Dunst, a wurin da ake nuna La Dolce Vita, fim ɗin Federico Fellini na ƙasar Italiya na 1960. Zaɓin ba na banza ba ne. Shi ma labarin ɗan jarida ne mai bin mashahurai, kuma daga sunan wani mai ɗaukar hoto a cikinsa, Paparazzo, aka samo kalmar paparazzi.

Kammalawa

Idan maroƙi ya wasa basarake, kowa ya san yabo ne, kuma an san wanda zai ba da tukuici. Masanin tarihi yana amfani da kirarin, amma da awo. Haɗarin yabon da aka buga a mujalla shi ne yana sanye da rigar labari, kuma bayan shekara 50 wani ɗalibi zai ɗauke shi hujja.

Saboda haka ina kira ga malamai, duk lokacin da suka ba ɗalibai tsohuwar jarida, su koya musu tambayoyi uku: wa ya rubuta, wa ya amince kafin a buga, kuma me marubucin ya samu? Ni kaina na daɗe ina yin ta farko kawai.