Shekara Biyu a Baƙuwar Ƙasa: Zaman Samarin Mormon Masu Yawon Wa'azi

Ƴan uwanmu fatake da masu zuwa cin rani Abijan, Akra, Lome ko Kwatano sun sha ganinsu a bakin hanya. Kullum su biyu ne, ba su rabuwa. Samari ne ƙanana, da farar taguwa da baƙin wando da ɗaurin wuya irin na ma'aikatan biro, ga kuma wani ɗan baƙin allo maƙale a ƙirji mai ɗauke da suna. Wasu Turawa ne, wasu baƙar fata. Wanda bai san su ba sai ya zaci ma'aikatan banki ne, ko kuwa irin ƴan sa-kan nan na Amurka da suka yi aiki a ƙasarmu daga 1962 zuwa 2011. To, ba su ba ne. Waɗannan masu wa'azi ne na wata ɗariƙar Kirista wadda duniya ta fi sani da sunan Mormon.

Wani Ba'amurke mai suna Joseph Smith ne ya kafa ɗariƙar ran 6 ga watan Afrilu 1830 a jahar New York. Ban da Littafi Mai Tsarki na sauran Kiristoci, suna da nasu littafi, watau Littafin Mormon, kuma daga nan ne sunan ya bi su. An kashe Joseph Smith a 1844. Magajinsa Brigham Young ya ja mabiya zuwa yamma, suka sauka a 1847 cikin wani kwari kusa da tafkin gishiri, inda suka gina birnin Salt Lake na jahar Yuta. Can ne hedikwatarsu take. Mabiyansu sun haura miliyan 17, masu yawon wa'azinsu kuwa sun fi dubu 60, akasarinsu yara ne da suka gama makarantar sakandare. Su dai sun fi son a kira su da cikakken sunansu, Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe, har ma a 2018 shugabansu na lokacin, Russell Nelson, ya roƙi jama'a su bar cewa Mormon. Amma sunan da baki ya saba da shi yana da wuyar fita.

Wasiƙar kira

Saurayin da yake son tafiya yakan cika takardu, ya ga likita, shugabannin majami'arsu su yi masa tambayoyi kan halinsa da imaninsa. Daga nan sai a aika da takardun hedikwata. Abin lura a nan shi ne, yaro ba ya zaɓen ƙasar da za shi. Ɗaya daga cikin manyan shugabanni goma sha biyu ne zai duba hotonsa da takardunsa, ya yanke inda za a tura shi. Ran da amsa ta zo, dangi da abokai sukan taru, yaro ya buɗe wasiƙa ya karanta da ƙarfi a gaban kowa. A nan ne uwa za ta fara jin cewa ɗanta zai yi shekara biyu a Japan, ko Brazil, ko Madagaska, ko kuwa wata jaha da ke maƙwabtaka da tasu. Namiji wata 24 yake yi, mace wata 18. A da sai namiji ya cika shekara 19, mace 21. A watan Oktoba 2012 aka rage, aka ce namiji yana iya tafiya da shekara 18, mace da 19.

Aikin ba shi da albashi. Yaro da iyayensa ne ma suke biya. Da yawa sukan yi ƙwadago lokacin hutun makaranta, suna tara kuɗin tun suna ƙanana. A da kowa yana ɗaukar nauyin kansa gwargwadon tsadar ƙasar da ya faɗa, sai wanda aka tura Ingila ko Japan ya sha wuya, wanda aka tura ƙasa mai araha ya huta. Daga 1991 aka daidaita: iyalan Amurka suna zuba kuɗi ɗaya cikin asusu guda, asusun ya raba wa kowa bisa bukatarsa. An yi shekaru da dama ana biyan dala 400 a wata, kuma dalar Amurka muke nufi, ba tamu ta tamma biyar ba. A kuɗin sefa ya haura jika 200. Ƴaƴan ƙasashe matalauta suna ba da abin da ya sawwaƙa, ikilisiya ta cika sauran.

Kafin a shiga jirgi akwai makarantar horo. Babbarsu tana garin Provo a Yuta, inda ake koyar da harsuna fiye da 50. Wanda zai yi wa'azi da harshensa ba ya daɗewa, wanda zai koyi baƙon harshe yakan yi mako shida zuwa tara. Waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci za su gane dabarar: ba a jiran ɗalibi ya ƙware kafin ya buɗe baki. Tun kwanakin farko ake sa shi gaisuwa da addu'a da koyarwa cikin sabon harshen, ya yi kuskure a gyara masa. Duk da haka, da yawa sukan sauka ƙasar su tarar ba su jin ko rabin abin da mai tasi yake faɗi. Ƴan Afirka ta yamma kuwa a Gana ake horonsu. An buɗe makarantar a Tema a 2002, daga baya aka mai da ita Akra.

Abokin da ba ka zaɓa ba

Da isarsa, yaro ya bar sunan yankansa ke nan. Namiji ana kiransa Elda, watau dattijo, ko da kuwa gemu bai tsiro masa ba, a haɗa da sunan mahaifinsa. Mace ana ce mata ƴar'uwa. Shugaban yankin wa'azi, wanda galibi magidanci ne da ya bar sana'arsa na shekara uku ya zo da matarsa, shi ne zai haɗa shi da abokin aiki.

A nan ne nauyin zaman yake. Doka ta ce abokan nan biyu kada su rabu dare da rana: kowane ya kasance inda ɗan'uwansa yake ganinsa, yake kuma jin muryarsa, sai fa shiga makewayi ko wanka. Ɗaki ɗaya suke kwana, kowa da gadonsa. Tare za su kasuwa, tare za su asibiti. Mai karatu ya auna da kansa: ɗan manomi daga Idaho da ɗan birnin Kinshasa, wannan bai san tuwon rogo ba, wancan bai ga dalilin cin abinci mai sanyi da safe ba, ɗaya mai surutu, ɗaya shiru-shiru, an kulle su wuri guda awa 24. Ko harshe da haƙori sukan saɓa, balle su. Shugabanni suna cewa dokar tana tsare yaro daga faɗawa cikin ɓarna, tana kuma kare shi daga ƙazafi, tun da kullum yana da shaida. Wannan gaskiya ne. Amma gaskiya ne kuma cewa tsofaffin masu wa'azi da yawa, in suna ba da labari, sun fi tuna wahalar aboki da wahalar rana ko yunwa. Sauƙin abin shi ne, kowane mako shida akan yi canji, a ɗauke wasu a kai su wani gari, a kawo wasu. Wanda ya dace da aboki nagari yana fargabar ranar, wanda bai dace ba yana ƙidayar kwanaki.

Daga asuba zuwa dare

Tsarin yini da aka daɗe ana bi shi ne: tashi ƙarfe 6 da rabi, addu'a, motsa jiki rabin awa, wanka da karin kumallo. Sai karatun littattafan addini, kowa shi kaɗai, sa'an nan su biyu tare, a ƙara da bitar harshe. Wajen ƙarfe 10 su fita, ba su komowa gida sai 9 na dare, su rubuta abin da suka yi, su kwanta 10 da rabi. A 2017 aka ba kowane yanki izinin gyara lokutan, don a ƙasashe masu zafi inda gari yake yin tsit da wuri, gara a yi sammako a koma da wuri.

Abubuwan da aka hana su suna da yawa. Giya da taba da kofi da shayi haramun ne ga kowane ɗan Mormon, bisa wata ƙa'ida da Joseph Smith ya kawo a 1833. Ga mai wa'azi an ƙara da wasu: ba zance da budurwa, ba silima, ba talabijin, ba kiɗan duniya, ba iyo a kogi ko teku, ba fita daga iyakar yankin da aka yanka masa sai da izini. Rana ɗaya a mako, galibi Litinin, ita ce ta wanki da cefane da aski da rubuta wasiƙa, kuma ko ita ma da maraice an koma aiki.

Aikin kansa shi ne neman mai saurare: a ƙwanƙwasa ƙofa, a tsai da mutum a hanya, a bi sunayen da mabiya suka bayar. Tun daga 1961 yara suna haddace darussa kalma bayan kalma, su zuba wa mai gida kamar karatun allo. A 2004 aka fito da sabon littafin jagora, aka ce kowa ya yi bayani da bakinsa. Kowane mako kuma akwai lissafi: mutum nawa aka koyar, nawa suka zo majami'a, nawa aka yi wa baftisma. Lissafin nan yana sa ƙwazo, yana kuma sa yaron da bai samu kowa ba ya dinga zargin kansa.

Faransa da Gana ba ɗaya ba ne

Wanda aka tura Turai yakan yi watanni ba a ce masa shigo ba. Misalin da aka fi sani shi ne na Mitt Romney, wanda ya nemi shugabancin Amurka a 2012, Barack Obama ya kayar da shi. Ɗan gwamna ne, amma daga 1966 zuwa 1968 ya yi wata 30 yana bin ƙofofi a Le Havre, Nantes, Bordeaux da Paris, yana kiran Faransawa su bar giyar inabi, a lokacin da suke fushi da Amurka saboda yaƙin Biyetnam. Shi da kansa ya ƙiyasta cewa waɗanda suka karɓi kiransa duk tsawon zaman ba su wuce 10 zuwa 20 ba. A watan Yuni 1968 wata mota ta buge wadda yake tuƙawa a kudancin Faransa, matar shugaban yankinsu ta rasu, shi kuma ya ji rauni mai tsanani.

A Afirka ta yamma labarin ya sha bamban, kuma yana da tabo a farkonsa. Har zuwa watan Yuni 1978 ikilisiyar ba ta naɗa baƙar fata a muƙamin limanci, saboda haka ba ta turo masu wa'azi wannan yanki ba. Duk da haka wasu mutane sun samu littattafanta, suka kafa jama'a da kansu, suna ta rubuta wasiƙu Amurka shekara da shekaru: Anthony Obinna a kudancin Najeriya, Billy Johnson a Gana. Da shugaba Spencer Kimball ya ɗage hanin, sai aka turo dattawa biyu da matansu, suka yi wa waɗannan mutane baftisma kafin ƙarshen 1978. Tafiyar ba ta rasa gargada ba. Ran 14 ga Yuni 1989 gwamnatin Jerry Rawlings ta dakatar da ikilisiyar a Gana, ta kori baƙin masu wa'azi, ta rufe majami'u, sai bayan wata 18 aka sake buɗewa. Daga baya an gina manyan ɗakunan ibada a Akra a 2004 da Aba a 2005.

Yaron da aka turo kudancin Gana ko Kodibuwa ba ya rasa mai ce masa bismilla ga kujera. Tasa wahalar daban ce: zazzaɓin cizon sauro, wanda ya sa dole a sha ƙwaya a kwana cikin gidan sauro, ruwan sha sai an tace, wanki da hannu, tafiyar ƙasa cikin rana da farar taguwar da ba ta son ƙura. Ga tambayar da ba ta ƙarewa, ta dalilin hanin da aka yi wa baƙar fata, wadda ɗan shekara 19 zai amsa alhali an ɗage hanin tun ba a haife shi ba. Yau da yawa daga cikin masu wa'azin wannan yanki ƴan Afirka ne, ana tura ɗan Kwango Abijan, ɗan Najeriya Kumasi.

Kewar gida da komawa

Shekaru da yawa yaro ba ya jin muryar uwarsa sai sau biyu a shekara, ran Kirsimati da ranar da Amurkawa suka keɓe don girmama uwaye mata. Sauran duk wasiƙa ce, sau ɗaya a mako. In an yi rasuwa a gida, galibi daga bakin shugaban yanki zai ji, kuma da yawa ba su halarci jana'izar ba. A watan Fabrairu 2019 aka sassauta, aka yarda su yi tarho ko su ga juna ta intanet kowane mako. Wasu tsofaffi sun yi gunaguni cewa an lalata yara, amma iyaye mata ba su bi bayansu ba. Shekara guda bayan haka annobar korona ta sa aka kwashe dubbai aka mai da su ƙasashensu kafin wa'adinsu ya cika.

Ba kowa ne yake kai ƙarshe ba ko da babu annoba. Akwai mai komawa saboda ciwo, akwai wanda damuwa ta fi ƙarfinsa, akwai wanda aka kora don ya karya doka. A garuruwan Yuta, inda kowa ya san ranar da ɗan wane ya tafi da ranar da ya kamata ya komo, komawa da wuri abu ne mai nauyi ga yaro da iyayensa, har shugabanni sun sha jan kunnen mabiya su bar tsegumi a kai.

Wanda ya cika wa'adi kuwa, dangi sukan tarbe shi a filin jirgi da alluna masu sunansa. Bai zama ɗan gida ba tukuna: sai ya je gaban shugaban majami'un yankinsu, an sallame shi, sa'an nan ya cire baƙin allon nan daga ƙirjinsa. Ran Lahadi ya tsaya gaban jama'a ya ba da labarin tafiyarsa. Daga nan sai jami'a ko neman aiki, da batun aure, wanda ba a son a jinkirta. Harshen da ya koyo yakan zame masa jari. Shi ya sa kamfanonin ciniki da ma'aikatun gwamnatin Amurka masu hulɗa da ƙasashen waje suke zuwa jami'ar Brigham Young da ke Provo neman ma'aikata.