Safar Hannun Da Ba Wanda Ya Ɗauka

Ranar 17 ga Nuwamba, 1817, babbar kotun Ingila da ke zama a zauren Westminster, cikin birnin Landan, ta cika maƙil, babu masaka tsinke. Jama'a sun yi tururuwa ne don su ga wani matashin magini mai suna Abraham Thornton, wanda ake tuhuma da kashe wata budurwa. Da aka karanta masa tuhuma, aka ce ya amsa, sai ya ce: "Ban aikata ba, kuma a shirye nake in kare wannan magana da jikina." Ya karɓi safar hannu biyu ta fata, ya zura ɗaya, ya jefar da ɗayar a ƙasa, gaban mai ƙara. Mai ƙara ya tsaya yana kallonta, bai sunkuya ba.

Irin wannan safa ita Turawan Ingila ke kira gauntlet, kalmar da suka ara daga Faransanci, inda gantelet ke nufin ƙaramar safar hannu. Asalinta kayan yaƙi ce. Barade a Turai, bayan sulke da kwalkwali, sukan sa safar fata da aka jera wa faya-fayen ƙarfe, mai rufe yatsu har ta zarce wuyan hannu, don kada takobin abokin gaba ya datse su. Idan barde ya cire ta ya jefa a gaban wani, ya kira shi fito-na-fito ke nan. Wanda ya duƙa ya ɗauka kuwa, ya amsa kira. Har gobe Baturen Ingila yakan ce ɗan siyasa ya jefa gauntlet idan ya ƙalubalanci abokin hamayya, ko ya ce wane ya ɗauke ta, ba tare da an ga safa ko takobi ba. Amma a wannan rana ta 1817 Thornton ba salon magana yake yi ba, doka ya ɗauko.

Ga yadda abin ya faro. A daren 26 ga Mayu na shekarar, Mary Ashford, 'yar shekara 20, ta je wajen rawa kusa da ƙauyen Erdington, a gefen Birmingham. A can ta haɗu da Thornton, suka bar wurin tare. Da asuba an gan ta a gidan ƙawarta ta je canja kaya, lafiyarta ƙalau. Gari na wayewa aka tsamo gawarta daga wani kududdufi. Thornton bai musa cewa sun kasance tare a daren ba, amma ya ce sun rabu tana da ranta. A shari'ar da aka yi a Warwick cikin watan Agusta, shaidu suka ce sun gan shi a wani wuri mai nisa daidai lokacin da ake zaton an yi kisan. Masu yanke hukunci su goma sha biyu ba su wuce minti shida suna shawara ba suka wanke shi.

Kotu ta wanke shi, amma bakin jama'a bai wanke shi ba. Aka tono wata tsohuwar doka da ta ba ɗan'uwan mamaci damar sake gurfanar da wanda ake zargi, ko da kotu ta riga ta sallame shi. William Ashford, wan Mary, ya shigar da ƙara, aka sake kama Thornton. Lauyoyinsa suka ga irin zafin da gari ya ɗauka, suka san samun masu yanke hukunci da ba su riga sun yanke a zuciya ba zai yi wuya. Sai su ma suka koma cikin tsofaffin littattafai. Ai kuwa suka tarar cewa wannan doka da aka tono tana da abokiyar tafiya: wanda aka yi wa irin wannan ƙara yana da ikon neman a raba gardama da faɗa.

Wannan hanya ta shigo Ingila ne tare da Normandawa bayan 1066, bisa imanin cewa Allah ba zai bar mai gaskiya ya sha kaye ba. Ƙa'idarta a rubuce take. Mai ƙara da wanda ake ƙara za su shiga fage, kowa da sanda da garkuwar fata, su gwabza tun daga safe. Idan wanda ake ƙara ya faɗi, rataye shi za a yi. Idan ya kai har taurari suka fito ba a kayar da shi ba, ya kuɓuta. An yi ɗaruruwan shekaru ba a yi irin wannan faɗa ba, amma ba wanda ya taɓa zama ya soke dokar.

Thornton ƙaƙƙarfa ne, mai aikin gini da tubali. William Ashford kuwa ba mai ƙarfi ba ne. Da lauyansa ya yi ƙorafi cewa ba daidai ba ne a bar wanda ya kashe ƙanwa ya ƙara da kashe wa, babban alƙali Lord Ellenborough ya katse shi, ya ce wannan dokar Ingila ce, ba a kiranta kisan kai. An yi watanni ana kai ruwa rana. A watan Afrilu na 1818 alƙalai suka yanke cewa Thornton yana da wannan iko, domin aikinsu shi ne su faɗi doka yadda take, ko da ba ta yi musu daɗi ba. Ashford ya ƙi shiga fage, aka sallami Thornton.

Kalmar gauntlet tana da wata ma'ana ta daban, wadda ita ma ta dace da abin da ya biyo baya. Idan Bature ya ce mutum ya bi ta cikin gauntlet, ba maganar safa yake ba. Wannan daga kalmar mutanen Suwidin ce, gatlopp, wato gudu a lungu, hukuncin soja inda mai laifi ke ratsawa tsakanin sahu biyu na 'yan uwansa, kowa na tsula masa bulala. Kamannin lafazi ne ya haɗe kalmomin biyu a bakin mutanen Ingila. Irin wannan lungu Thornton ya ratsa bayan fitowarsa. Garinsu ya gagare shi zama. Da ya nemi tafiya Amurka, fasinjojin jirgin ruwan farko suka ce ba za su yi tafiya da shi ba, sai da ya nemi wani jirgin daga Liverpool.

Majalisar dokokin Birtaniya ba ta yi sanya ba. A 1819 ta soke dokokin biyu gaba ɗaya, da ta sake ƙarar da ta faɗan. Bayan shekara biyu, a bikin naɗin Sarki George na Huɗu a 1821, wani barde daga zuriyar Dymoke ya shiga wannan zaure na Westminster bisa doki, cikin sulke, ya jefa safarsa ta ƙarfe yana kiran duk mai jayayya da sarautar sarki ya fito. Wannan kam al'ada ce kawai, kuma daga ita ba a sake yi ba.

Thornton ne mutum na ƙarshe da ya jefa safa a kotun Ingila doka ta tsaya masa. Mutuwar Mary Ashford kuwa, har yau ba a hukunta kowa a kanta ba.