Ragon Dutse: Yana Raguwa a Azbin, Yana Cika Amurka

Matafiyi a duwatsun Azbin, arewa da Agadas, zai iya wuce garken ragunan dutse guda bai ankara ba. Launin jikinsu ja-ja ne irin na ƙasar wurin, kuma da sun ji motsi sai su sandare cak. A inda babu kurmin da za a ɓuya, rashin motsi shi ne mafakarsu.

In ragon dutse ya fito sarari kuwa, dabba ce mai kwarjini. Ƙosasshen namiji kan kai kilo 140, ga kauraran ƙahoni da suka lanƙwashe baya, ga doguwar geza tun daga maƙogwaro har ƙirji da ƙafafun gaba. Matan ma suna da ƙaho, sai dai bai kai na mazan ba. Duk wannan nauyi bai hana shi tsalle sama da mita 2 daga tsaye ba, ko hawa gangaren da ɗan Adam sai da rarrafe. Masana sun ware masa rukuninsa shi kaɗai, don jikinsa ya haɗa kamannin tumaki da na awaki.

Abin mamakinsa yana wajen ruwa. Yakan daɗe ƙwarai bai kai baki rafi ba, danshin ganye da raɓar asuba sun wadace shi. Shi ya sa yake kiwo da sassafe da kuma yamma liƙis, da rana ya laɓe a inuwar dutse. Ciyawa, ganyen ƙaya, busasshen tsiro, duk ba ya zaɓe. In ya dace da ruwa ya sha ya ƙoshi, har ya yi birgima a jiƙaƙƙen yashi. Uwar kan ɗauki ciki kusan kwana 160, ta haifi ɗaya ko biyu a wani lungu mai wuyar hawa, ba a jima ba ɗan ya fara bin ta kan duwatsu.

Tun zamanin da can Abzinawa ke farautarsa da karnuka da tarko, kuma hotonsa na cikin tsofaffin zane-zanen duwatsun Sahara. Wannan farauta ba ta ƙarar da shi ba, don wahalarta yawa gare ta. Bindigar zamani da mota su suka sauya lissafi: tsayawar nan cak da ke ruɗar da damisa, ga mai bindiga sauƙi ce. Ga fari, ga awakin gida da ke cin kiwonsa. Yanzu yana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu, duk da gandun Azbin da Tenere da Nijar ta keɓe a 1988, da na Tarmit a 2012. Akwai sauransa a duwatsun Ennedi da Tibesti na Chadi.

A Amurka labarin daban ne. A shekarun 1950 aka saki waɗansu a jihohin New Mexico da Texas don masu farauta su sami abin harbi. Ƙasar ta karɓe su, suka hayayyafa har suka soma ƙwace wa tumakin dajin can kiwo da wurin zama. A Texas yau babu lokacin da doka ta hana harbinsa ga mai lasisi, kuma masu manyan gonaki kuɗi suke karɓa daga maharban da ke son ƙahonsa su rataye a bango.